Zaren Da Aka Ɗaure Wa Takwara

Shafi na 19

Masu turo min saƙo suna cewa na bar su tsaye a ƙofar ofishin likita, ku yi haƙuri, ku shigo ku zauna. Amma wanda yake cin abinci ya ajiye cokalinsa tukuna. Na dai faɗa muku.

Mu uku muka zauna a gaban Likita: ni, da mijina, da uwarsa Hajiya. 'Yata Takwara tana can ɗakin yara, an ɗaura mata ruwa. Shekararta goma sha biyu, sunan Hajiya ta ci, shi ya sa kowa Takwara yake ce mata. Hutu ta je gidan kakar tata ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Ina shagona ina wanke wa wata mata kai aka yi min waya, da kumfa a hannu na fito titi.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta juyo mana da fuskar kwamfutarta.

"Kun ga wannan siririn layin? Hanyar jinin da take zuwa ƙodarta ta hagu ce. Ta tsuke. Shi ya sa jininta ya hau, hawan da ko babban mutum ne sai mun ba shi gado."

Hajiya ta taɓe baki.

"Hawan jini? Me 'yar wannan yarinya ta sani a duniya? Sai dai in a gidan ubanta ake ɗora mata damuwa."

Ni take nufi. Na yi kamar ban ji ba, na saba.

"Ba damuwa ba ce Hajiya," in ji Likita. "Tabon nan na jikinta masu kalar shayi da madara, da ɗigo-ɗigon da ke hammatarta, alamar wani ciwo ne da ake haifar mutum da shi. Sunansa neurofibromatosis. Mutane tsiron da yake fitarwa a fata kawai suke gani. Amma wasu yakan taɓa musu hanyoyin jini. Wata ta tsuke kamar tata. Wata kuma bangonta ya yi laushi, abu kaɗan ya same ta ta fashe."

Ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

"Sau da yawa gado ne. Kafin mu taɓa yarinyar nan ina so in san abin da ke cikin dangi. Akwai mai irin wannan tsiron? Akwai wanda ya taɓa zubar da jini ya ƙi tsayawa, ko ya rasu farat ɗaya da ƙuruciyarsa?"

"Babu!"

Hajiya ko bari Likita ta rufe baki ba ta yi ba.

"Mu danginmu fes muke, ko ƙurjin zafi ba ma yi. Ki tambayi waccan. Akwai ƙanwar uwarta mai maƙoƙo, wuya kamar ta haɗiyi lemo. Tun ranar da ya kawo min maganarta na ce masa mai kitso, wadda take wuni hannunta cikin dattin kan mutane, me za ta haifa maka?"

Na juya na kalli Baban Takwara ko zai ce uffan. Yana nan zaune, hannu tsakanin cinyoyi, riga a rufe har wuya a cikin wannan zafin, yana kallon tayil.

"Maƙoƙo daban, wannan daban," Likita ta ce. "Maman yarinya, tun yaushe kika fara ganin tabon? Kina da hotunanta na ƙuruciya?"

Na zaro waya na buɗe. Ga ta tana rarrafe, ga ta ranar da ta fara makaranta, ga ta da rigar wanka. Fata luwai-luwai, babu tabo ko ɗaya.

"Babanta mai ɗaukar hoto ne," na ce, muryata ta yi ƙasa. "Shi yake goge su kafin ya turo min. Ya ce haka ake yi wa kowa."

Likita ta ɗan dube shi.

"Akwai kuma wani kumburi a ƙeyarta," na ci gaba. "Da shi aka haife ta. Laushi ne da shi, in ka taɓa sai ka ji kamar dunƙulen zare a ciki. Bana ya ƙara girma har ya fara saukowa. Ni nake mata kitso, kewaye shi nake yi, ko kibiya ba na bari ta kusance shi."

Likita ta ajiye biro.

"Me ya sa ba wanda ya faɗa min? Da hula na same ta, aka ce sanyi take ji."

"Hajiya ce ta sa mata."

"To ku saurare ni da kyau. Irin wannan babban, cike yake da hanyoyin jini marasa ƙwari. Mu kanmu likitoci ba ma kai masa wuƙa sai mun tanadi jini a gefe. Ga kuma jininta a sama. Kada a matsa shi, kada a gasa shi, kada a sa masa komai. Ina gamawa da ku zan je in duba shi."

Hajiya ta shiga buɗe jakarta tana rufewa. A lokacin ban kawo komai a raina ba, sai daga baya na tuna.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Nas ce, wata doguwa da ta karɓe mu tun farko. Ta rufe hancinta da takunkumi, hannunta riƙe da ƙaramin farantin ƙarfe.

Warin ya riga ta shigowa.

Ni mai gyaran gashi ce. Na tsefe kan da ya yi wata uku bai ga ruwa ba, na wanke kai mai gyambo. Ban taɓa jin irin wannan ɗoyin ba. Warin ruɓaɓɓen nama ne.

"Likita, na je goge mata jiki ne na ga wannan a ƙasan ɗaya hammatar tata. An ɗaure wani ɗan tsiro da zare tamau. Ya yi baƙi, ya ruɓe, sai ruwa yake yi. Na yanke zaren na wanke wurin."

Ta ajiye farantin a kan tebur.

Baƙin zare ne, ya jiƙe da mugunya, ya manne da wani ɗan guntun fata. Na toshe baki na matso. Ban so in kalla ba, amma idona ya ƙi barinsa.

Zaren kitso ne. Mai kaurin nan da nake saro wa shagona.

Na ɗago a hankali.

"Hajiya."

Ta kawar da kai.

"Ranar da kika zo ɗaukar Takwara kin biyo ta shago. Kika ce in ba ki zare za ki ɗinke bakin matashi. Da hannuna na yanko miki, har na ƙara miki da wani."

"To sai me? Ke kaɗai kike da baƙin zare a duniya?"

"Ƙullin fa? Wa yake ƙulli ya bar jela biyu dogaye in ba ke ba? Duk ledar da kika aiko mana da ita haka take zuwa, sai da almakashi muke buɗewa."

Ta yi kicin-kicin da fuska, ta gyara mayafi. Sai kuma ta murje ido.

"Ni na ɗaure. Jikata ce. Gyara na yi mata. Yarinya ta fara zama budurwa, za a bar ta da tsiro a jiki kamar wata dabba? Ana ɗaurewa yake bushewa ya faɗi da kansa, ko asibiti ba a zuwa. Ke da kike uwarta me kika yi mata?"

"Ya bushe?" Nas ta nuna farantin. "Hajiya, wannan ne ya bushe?"

"Ai bai kai lokacinsa ba ne. Da kun bar shi."

Ko a jikinta. Wallahi ko a jikinta. Tana zaune da zobba a yatsu, turarenta mai tsada yana gauraya da ɗoyin naman jikarta, tana magana kamar wadda ta cire wa yaro ƙaya. Ban taɓa jin ƙyamar ɗan Adam irin wadda na ji a wannan lokacin ba. Matar da ko kofin da na sha ruwa da shi sai ta sa an sake wankewa.

Likita ta jingina da kujera.

"Kin ce ana ɗaurewa yake faɗuwa. Kin saba yi ke nan. Wa kika yi wa kafin ita?"

Hajiya ta gyara zama.

"Ɗazu kika ce babu kowa a danginku."

Likita ta juya ga mijina.

"Malam, cire rigarka."

"Ba zai cire ba!" Hajiya ta miƙe. "Ɗana ba majinyaci ba ne. Babban mutum za ki sa ya tuɓe a gaban mata?"

"Ba dole zan yi masa ba. Amma 'yarsa ce a kwance."

Baban Takwara ya ɗago kai a karon farko. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya kai hannu maɓallin wuya.

"Kai! In ka cire rigar nan ban yafe ba!"

Ya cire. Ya cire singiletin ma. Ya juya mana baya.

Jama'a, shekara goma sha huɗu ina auren mutumin nan. Na san akwai tabo a bayansa, hannuna ya sha taɓa su. Ya ce min ruwan zafi ne ya zubo masa yana yaro, kunyarsu yake ji, shi ya sa ba ya tuɓewa sai ya kashe fitila. Na yarda, har tausayinsa nake ji. Ban taɓa ganin bayan nan a cikin haske ba sai ranar.

Tun daga kafaɗa har ƙugu babu wuri mai kyau. Tabo a kan tabo, wasu sun lotsa, wasu sun taso. Ga faffaɗan tabo masu kalar shayi irin na 'yata sak. Ga wasu tsiron sababbi. Biyu daga ciki ɗaure suke da baƙin zarena, sun yi baƙi ƙirin, singiletin ya manne a kansu har ya bar shaida.

Sai komai ya dawo min. Duk zuwan Hajiya gidanmu sai ta ce tana da magana da ɗanta, su shiga ɗaki su murza makulli. Ni kuma ina kicin ina soya mata nama, ina cewa maganar gida suke. In ta tafi sai ya yi ta kwanciya rub da ciki, wai bayansa ya riƙe saboda tsayuwar ɗaukar hoto. Ni ce mai wanke zanin gadon. Na sha ganin ɗigon ruwa-ruwa, ya ce ƙurji ne ya fashe.

Na tashi na nufi wurin wanke hannu da ke kusurwar ofishin. Na yi amai har sai da haƙarƙarina ya yi ciwo.

"Ka sani," na ce, ina goge baki. "Tun ranar da aka haife ta ka ga tabon ka gane."

"Na gane."

"Ka zauna kana goge su a kwamfuta."

"Hajiya ta ce in kika sani za ki tafi."

"Yanzu fa? Ɗazu a gabanka ta ɗora wa dangina, ka yi shiru kana ƙirga tayil. 'Yarka na kwance ana neman abin da zai cece ta, kai rigarka kake karewa. Tir! Ba bayanka nake ƙyama ba, ka ji da kyau. Da ka nuna min shi tun farko, da ni zan riƙa wanke maka. Kai nake ƙyama."

Ya durƙushe a wurin, ya rufe fuska da singiletin.

Likita ta sa safar hannu ta duba bayan. Ta ce wa Nas ta kawo abin awon jini, shi ma a gwada shi yanzu. Sannan ta tambaye shi a hankali:

"Mahaifinka yana raye?"

"Haɗarin mota ya yi," Hajiya ta yi caraf. "Kowa ya sani."

"Ba haɗari ya yi ba."

Muryar ta fito daga cikin singiletin.

"Rufe min baki!"

"Hajiya, na gaji. Ni na riƙe bahon."

Ya sauke singiletin daga fuskarsa. Ba mu yake kallo ba, bango yake kallo.

"Baba yana da wani babba a gefen cikinsa, yana reto. Za a ƙara masa girma a wurin aiki, aka ce sai likita ya duba su. Hajiya ta ɗaure shi da zare ya ƙi faɗuwa. Sai ta sa reza. A banɗaki. Ta ce in riƙe baho, ba zai daɗe ba. Bahon ya cika, na zubar, ya sake cika. Muka tura tawul, muka tura zani. Baba yana cewa a kira maƙwabta, ita tana cewa ya yi shiru kada a ji. Kafin ta yarda a nemo mota ya daina magana."

Nas ta ce innalillahi, ta dafe ƙofa.

"Shekarata goma a lokacin. Ni na wanke banɗakin."

Na kalli Hajiya. Na ɗauka zan ga hawaye, ko kunya, ko da ɗan sunkuyar da kai. Haɓarta a sama take.

"Kwanansa ne ya ƙare. Kuma da ban rufa asiri ba wa zai auri ƙannenka? Wa zai ba ka mace, ko da irin wannan ce? Da yanzu ana nuna mu da baki ana cewa ga gidan masu tsiro. Ni na riƙe mutuncin gidan nan da hannuna, ba wanda ya taya ni."

"Mutunci," na ce. "Ga shi nan a faranti."

"Ke ki iya bakinki, ni ba sa'arki ba ce."

"Wallahi ba ki zama sa'ata ba. Ni kan mutane nake wankewa su tashi da tsabta."

Likita ta ɗaga hannu.

"Ya isa. Duk wannan za a yi shi daga baya, kuma ba a ofishina kaɗai zai tsaya ba. Yanzu tambaya ɗaya nake da ita. Hajiya, ki dube ni. Nawa kika ɗaure wa yarinyar nan?"

Hajiya ta buɗe jaka. Ta rufe.

"Hajiya, nawa?"

"Ai na hammatar ba ya ganuwa," ta ce, muryarta ta ɗan sauka. "Wanda ake gani shi ne abin ji. Mace da ƙululu a ƙeya, in ta cire ɗankwali a gaban miji fa?"

Gabana ya yanke ya faɗi.

Hular.

Da kitsona Takwara ta bar gida, ƙanana na yi mata, masu kai wata guda. Amma da na same ta a gadon asibiti na hango bakin kitson a goshinta, manya ne, an ja su baya gaba ɗaya. Har raina ya sosu, na ce Hajiya ta tsefe min aiki don ta nuna ban iya ba. Na kai hannu zan cire hular, Hajiya ta buge min hannu ta ce sanyi yarinyar take ji.

Ba sanyi ba ne. Gashin ta tattara ta dunƙule a kan abin don ya rufe.

Ban san lokacin da na ture kujera ba. Na ji Likita a bayana tana cewa Nas ta kira ɗakin tiyata, a nemo jini. Takalmina ɗaya ya fita a baranda, ban tsaya ba. Na bangaje wani mai tura keken marasa lafiya, ya bi ni da zagi.

Na ja labulen gadonta.

Ta farka. Tana kwance rigingine, idonta biyu, leɓenta ya yi fari. Hular tana ƙasa a gefen gado.

"Mama."

"Na'am 'yar albarka. Kada ki motsa. Kada ki taɓa kanki, kin ji? Likita tana zuwa."

"Kaka ta ce sirrinmu ne ni da ita. Ta ce in na faɗa miki ba zai faɗi ba."

"Na sani. Ba laifinki ba ne. Kwanta kawai."

"Amma Mama, ƙaiƙayi yake min. Ya dame ni."

Ta ɗago hannun da babu allura, ta buɗe tafinta a gabana, tana ɗan murmushi irin na yaron da ya yi abin kirki.

"Kin ga, na cire shi da kaina."

Baƙin zare ne, da jelarsa biyu dogaye, jiƙe sharkaf.

Na zura hannu ƙarƙashin kanta. Matashin ɗumi gare shi. Na zaro hannun, jini yana bin tsintsiyar hannuna yana gangarowa gwiwar hannu.

"Mama," ta ce, "me ya sa fitilar take dushewa?"